Tarihin Luwis Liki, Mai Tonon Ƙasusuwan Mutanen Farko

An haifi Luwis Liki a Kabete ta ƙasar Kenya cikin shekarar 1903. Iyayensa Turawan mishan ne daga Ingila, amma cikin 'ya'yan Kikuyu ya tashi, har harshensu ya zauna a bakinsa sarai. Da ya girma sai ya tafi Jami'ar Kambirij ya yi karatu.

A zamanin nan yawancin masana suna zaton a Asiya za a sami tushen ɗan Adam. Shi kuwa ya kafe a kan Afirka ce. Cikin 1931 ya fara tono a kwazazzabon Olduvai ta Tanganyika, watau Tanzaniya ta yau. A 1935 wani masani ya kushe binciken da ya yi a yammacin Kenya, sunansa ya kusa ɓaci, amma bai karaya ba.

To, mahaƙurci mawadaci. Cikin 1959, bayan shekara 28 ana wahala, matarsa Meri ta tsinci wani ƙoƙon kai a Olduvai, wanda aka ƙiyasta ya shekara miliyan 1 da dubu 750. Nan da nan hankalin masana ya komo Afirka.

Sa'an nan ya ga halayen manyan birai za su haskaka zaman mutanen farko. Saboda haka a 1960 ya aika da Jen Gudal dajin Gombe na bakin tafkin Tanganyika, ba Gombe tamu ba. Can ta ga birai suna gyara tsinke suna zaƙulo gara da shi.

Ya rasu a Landan cikin 1972, bayan ya ga ra'ayinsa ya karɓu.