Umar ɗan Abdul'aziz: Halifan da ya maido da yardar jama'a ga baitulmali

 

A 'yan shekarun nan muna ganin masu hali da kyakkyawar niyya suna noƙe hannu idan aka ce su ba da gudummawa ta hannun manyan ƙungiyoyin agaji, ko gidauniyar marayu, ko hukumar zakka. Dalilinsu kusan ɗaya ne, wato ba su san inda kuɗin yake shiga ba. Wasu sun gwammace su raba zakkarsu a ƙofar gida, kowa ya sami ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Wasu kuma sun fake da wannan zargi sun daina bayarwa gaba ɗaya. A tsakanin mai riƙon amanar da ake tuhuma da mai dukiyar da ya rufe aljihu, maraya ne yake kwana da yunwa. Al'ummar Musulmi ta taɓa shiga irin wannan hali tun a ƙarshen ƙarni na farko na Hijira, kuma Allah ya kawo mata waraka ta hannun Umar ɗan Abdul'aziz, Allah ya yi masa rahama.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi Umar a farkon shekarun 60 bayan Hijira. Mahaifinsa Abdul'aziz ɗan Marwan shi ne gwamnan Masar na tsawon kusan shekara 20, kuma ƙanin Halifa Abdulmalik ne. Mahaifiyarsa kuwa ita ce Ummu Asim, 'yar Asim ɗan Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi. Marubuta tarihi sun ruwaito cewa kakarsa ta wajen uwa ita ce yarinyar nan da Sayyidina Umar ya ji cikin dare tana ƙin umarnin mahaifiyarta na zuba ruwa a cikin nonon sayarwa, domin ta san Allah yana gani ko da halifa ba ya gani, shi kuwa ya aurar da ita ga ɗansa Asim. Ke nan ta ɓangaren uba ya gaji sarauta, ta ɓangaren uwa kuma ya gaji tsoron cin haƙƙin mutane.

Ya yi karatu a Madina a hannun manyan tabi'ai, irin su Salihu ɗan Kaisan da Ubaidullahi ɗan Abdullahi ɗan Utba, har aka lissafa shi cikin malamai. Duk da haka ya tashi a matsayin ɗan sarki, mai son tufafi masu tsada da turare mai ƙamshi. Ya auri Faɗima 'yar Halifa Abdulmalik, wadda mahaifinta da 'yan'uwanta huɗu duk sun hau gadon halifanci.

A shekara ta 87 bayan Hijira (706 Miladiyya) Halifa Walidu ya naɗa shi gwamnan Madina. Abin da ya fara yi shi ne tara manyan malaman fiƙihu goma na birnin, cikinsu akwai Urwa ɗan Zubairu da Ƙasimu ɗan Muhammadu da Salimu ɗan Abdullahi, ya nemi su zama abokan shawararsa, kuma su riƙa sanar da shi duk zaluncin da suka gani daga ma'aikatansa. A hannunsa aka yi aikin faɗaɗa Masallacin Annabi (SAW) bisa umarnin Walidu. An sauke shi a shekara ta 93, bayan Hajjaju ɗan Yusufu ya kai ƙorafin cewa masu gudun hukuncinsa daga Iraƙi suna samun mafaka a Hijaz.

Baitulmalin da ya tarar

Halifa Sulaimanu ɗan Abdulmalik ya rasu a Dabiƙ a shekara ta 99 (717 Miladiyya), bayan ya rubuta wasiyyar cewa Umar ne zai gaje shi, bisa shawarar malamin nan Raja'u ɗan Haiwa. Daular da Umar ya karɓa ta miƙe tun daga Andalus har bakin Sindu, kuma dukiya tana kwarara cikinta ta kowace kusurwa. Matsalar ita ce iyakar da ke tsakanin dukiyar Musulmi da dukiyar gidan sarauta ta kusa shafewa. An yanka wa 'ya'yan sarki manyan gonaki, ana ba su kyaututtuka daga baitulmali, an ƙwace filayen wasu ba bisa ƙa'ida ba. A wasu larduna kuma ana ci gaba da karɓar jiziya daga mutanen da suka riga suka musulunta, don kada kuɗin shiga ya ragu. Mai biyan zakka da mai biyan haraji duk suna da dalilin tambayar inda guminsu yake ƙarewa.

Ya fara da gidansa

Umar bai fara da wa'azi ga talakawa kan su yarda da hukuma ba. A ranar da aka yi masa mubaya'a aka kawo masa dawakan halifanci, ya ƙi hawa, ya nemi alfadararsa, daga baya ya sa aka sayar da su aka zuba kuɗin a baitulmali. Ya bi gonakin da ya gada ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ya ga asalinta dukiyar jama'a ce ya mayar. Cikinsu har da Fadak, wadda ta faɗo hannunsa ta hanyar kakansa Marwan, ya mayar da ita kan tsarin da take a zamanin Manzon Allah (SAW). Ya ba matarsa Faɗima zaɓi tsakanin zama da shi da riƙe kayan adon da mahaifinta ya ba ta, ta zaɓi mijinta, kayan suka tafi baitulmali. Bayan rasuwarsa ɗan'uwanta Halifa Yazidu ya yi tayin maido mata da su, ta ƙi karɓa.

Sai da ya gama da kansa sannan ya juya ga danginsa Banu Umayya, ya yanke musu kuɗaɗen da suka saba karɓa fiye da sauran Musulmi, ya buɗe ƙofa ga duk wanda aka ƙwace wa wani abu ya zo ya kawo hujja. Sun yi fushi, har suka tura masa gwaggonsa ta yi masa magana, amma bai sauya ba. Ɗansa Abdulmalik, saurayi mai tsoron Allah, shi ne ma yake ƙara zaburar da shi kan kada ya jinkirta mayar da haƙƙi ko da na wuni ɗaya.

An ruwaito cewa idan yana aikin jama'a da dare yakan kunna fitilar baitulmali, da zarar hira ta koma kan lamarin iyalinsa sai ya kashe ta ya kunna tasa. An kuma ruwaito cewa da aka kawo almiski na baitulmali gabansa ya toshe hancinsa, domin amfanin almiski ƙamshinsa ne, shi kuwa ba ya son ya riga sauran Musulmi cin moriyarsa. Wata rana ya yi sha'awar tuffa, wani ya aiko masa da ita kyauta, ya mayar. Da aka tuna masa cewa Annabi (SAW) yana karɓar kyauta, ya bayyana cewa abin da yake kyauta ga Annabi ya zama cin hanci ga masu mulkin da suka zo daga baya. Wani zai ga waɗannan ƙananan abubuwa ne, amma da irinsu ne jama'a suke auna mai riƙe da dukiyarsu, domin su ne abin da idonsu yake iya gani.

Tsarin da ya shimfiɗa wa ma'aikata

Tsentseni na mutum ɗaya ba ya isar daula, don haka ya bi ta kan gwamnoni da masu tara haraji. Ya sauke waɗanda aka sani da zalunci, kamar Usama ɗan Zaidu Attanuhi mai kula da harajin Masar. Ya hana gwamnoni yin kasuwanci a yankin da suke mulki, ya hana su karɓar kyaututtukan bukukuwan Farisawa da aka saba kai musu. A gefe guda kuma ya ba su albashi mai tsoka, don kada buƙata ta kai hannunsu ga abin da ba nasu ba.

Gwamnansa na Madina, Abubakar ɗan Hazmu, ya taɓa rubuto masa yana neman ƙarin takardun rubutu. Umar ya umarce shi da ya fiƙe alƙalaminsa, ya matse layukansa, ya haɗa buƙatu da yawa a takarda ɗaya, saboda Musulmi ba su da buƙatar dogon zancen da zai cinye musu dukiya. Wannan shi ne abin da a yau muke kira kuɗin gudanarwa, kuma a nan ne ake yawan zargin manyan ƙungiyoyi, inda motoci da ofisoshi da tarurruka suke lashe kaso mai yawa kafin saura ya isa ga mabuƙaci.

Batun Yazidu ɗan Muhallabu ya fi kowanne nuna yadda ya ɗauki lissafi. Yazidu ya yi gwamnan Hurasan a zamanin Sulaimanu, kuma bayan ya ci Jurjan da yaƙi ya rubuta wa halifa yana ambaton dukiya mai ɗimbin yawa da ya samu. Da Umar ya hau, ya nemi ya kawo kason baitulmali daga abin da ya rubuta da hannunsa. Yazidu ya kare kansa da cewa ya kambama adadin ne don mutane su ji labari. Umar bai karɓi wannan uzuri ba, ya tsare shi duk da girman gidansa da yawan mabiyansa. A wurinsa, adadin da aka shelanta wa jama'a bashi ne a wuyan wanda ya shelanta.

Ya kuma hana karɓar jiziya daga wanda ya musulunta. Da wasu gwamnoni suka koka cewa kuɗin shiga zai ragu, ya tunatar da su cewa an aiko Annabi (SAW) ne domin shiryar da mutane, ba domin tara haraji ba. A kan irin wannan ƙorafi na sababbin Musulmi ya sauke Jarrahu ɗan Abdullahi daga gwamnan Hurasan.

Inda dukiyar ta tafi

Allah Maɗaukaki ya ƙayyade sassa takwas da ake ba zakka a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Abu Ubaid ya kawo a littafinsa Al-Amwal cewa Umar ya sa Imam Zuhri ya rubuta masa dalla-dalla yadda za a raba ta tsakanin waɗannan sassa, don kada rabon ya dogara da son ran ma'aikaci. A littafin ne kuma aka kawo cewa an taɓa ɗauko zakka daga Rayyu zuwa Kufa, ya sa aka mayar da ita Rayyu, domin matalautan garin da aka tara ta su ne suka fi cancanta, kuma masu bayarwa su ga amfaninta da idonsu. Hausawa suna cewa gani ya kori ji.

Gwamnansa na Kufa, Abdulhamid ɗan Abdurrahman, ya sanar da shi cewa an biya kowa haƙƙinsa kuma akwai saura. Umar ya ce a biya wa masu bashi bashinsu matuƙar ba almubazzaranci ya jefa su ciki ba. Da aka sake samun saura ya ce a aurar da samarin da ba su da sadaki. Da aka ƙara samun saura ya ce a ranta wa manoman da ke biyan jiziya abin da za su gyara gonakinsu. Ya sa aka gina masaukai a hanyoyin Hurasan domin matafiya, ya kuma yanka wa tsofaffin da ba Musulmi ba, waɗanda ƙarfinsu ya ƙare, abin da za su ci daga baitulmali.

Ibnu Abdilhakam, almajirin Imam Malik wanda ya rubuta tarihin Umar, ya kawo labarin ma'aikacin da aka tura tara zakkar Ifriƙiyya, yankin Tunisiya ta yau, ya nemi matalautan da zai ba bai samu ba, sai ya sayi bayi da kuɗin ya 'yanta su. An kuma ruwaito cewa mutum yakan zo da dukiya mai yawa yana neman a raba wa mabuƙata, ya koma gida da abarsa don an rasa mai karɓa.

Rasuwarsa

Umar ya rasu a watan Rajab na shekara ta 101 (720 Miladiyya) a Dairu Sam'an cikin ƙasar Sham, yana da kimanin shekara 40. Halifancinsa shekara biyu ne da wata biyar. Marubuta tarihi da dama sun ruwaito cewa guba aka ba shi. Mutumin da ya shiga mulki yana cikin mafi wadatar 'ya'yan sarki ya fita bai bar wa 'ya'yansa sai 'yan dinare kaɗan ba. Imam Malik ya kafa hujja da hukunce-hukuncensa a wurare da yawa a cikin Muwaɗɗa, malamai da dama kuma suna lissafa shi na biyar a jerin halifofi shiryayyu.

Abin da ya rage gare mu

Ga shugabannin ƙungiyoyi da kwamitocin masallatai da hukumomin zakka da hubusi, rayuwar wannan bawan Allah tana nuna cewa yarda ba a roƙonta, aiki ne yake jawo ta. A raba asusun gidauniya da aljihun shugaba. A rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta wa jama'a ko a liƙa a inda kowa zai gani. Shari'a ta halatta wa mai aikin zakka ladan aikinsa, kuma Imam Malik ya bar ƙayyade shi ga shugaba gwargwadon wahalar aikin, don haka babu abin kunya a biyan ma'aikaci, abin kunya shi ne a ɓoye nawa aka biya. Abin da aka tara da sunan marayu kada a karkatar da shi zuwa ginin ofis ba da sanin masu bayarwa ba. Wanda kuma ya ji haushi don an tambaye shi lissafi ya binciki kansa, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Mu kuma masu bayarwa, tambaya haƙƙinmu ce, amma yi wa kowa kuɗin goro da zargin sata ba tare da hujja ba zunubi ne, kuma cin amanar wani ba ya sauke mana farillar zakka. Mu nemi lissafi cikin ladabi, mu ziyarci ayyukan da aka ce an yi, mu ƙarfafa waɗanda muka samu masu gaskiya, mu janye daga waɗanda suka ƙi buɗe littafinsu.

Allah ya jiƙan Umar ɗan Abdul'aziz, ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, ya sanya albarka a dukiyarmu, ya kuma karɓi sadakokinmu. Amin.