Audu Bako: Ɗan Sandan Da Ya Shata Wa Ruwa Hanya A Ƙasar Kura Da Bunkure

Fiye da shekara 40 ke nan da rasuwar Alhaji Audu Bako, gwamnan farko na Jihar Kano, amma har yau sunansa bai bar bakin Kanawa ba. Sakatariyar gwamnati tana ɗauke da sunansa, haka gidan namun daji na birnin, da wani babban titi, da Kwalejin Aikin Gona ta Dambatta. Sai dai babbar shaidar zamaninsa tana kudu da birni, a ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan da aka tare a Tiga yake gangarowa ta magudanai, ya shayar da dubban gonaki a tsakiyar rani. Gwamnoni da yawa sun yi gine-gine, lokaci ya cinye su. Abin da ya sa wannan aiki ya yi ƙarko shi ne yadda aka tsara shi tun farko: hanyar da aka zaɓa ta kai ruwa, da yadda aka shimfiɗa filin, da yadda aka raba wa kowa aikinsa. A nan ne ƙarfinsa yake, a nan ne kuma rauninsa ya bayyana.

Tashi a bariki

An haifi Audu Bako a shekarar 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna, inda mahaifinsa ya daɗe yana aikin ɗamara. Ya yi makaranta a Kaduna, ya wuce Midil ta Zariya, sannan a 1942 ya bi sahun mahaifinsa ya shiga aikin ɗan sanda. Ya koyar da dokokin aiki a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, daga bisani ya kai muƙamin Mataimakin Kwamishina mai kula da 'yan dokan En'e na Jihar Arewa baki ɗaya. Wannan muƙami ya sa ya san larduna, ya san fadojin sarakuna, ya kuma ga da idonsa yadda aiki yake tafiya ko ya tsaya gwargwadon yadda aka raba shi tsakanin mutane. Wanda ya tashi a bariki ya saba da cewa kowane mutum yana da wurin tsayuwarsa, da lokacin karɓar aiki, da wanda zai kai wa rahoto.

A watan Mayun 1967 Yakubu Gowon ya raba Najeriya zuwa jihohi 12, ana dab da yaƙin basasa, aka naɗa Audu Bako gwamnan Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da ƙasar Jigawa ta yau. Ya tarar da jiha mai ɗimbin jama'a, mai arzikin gyaɗa da fatu da kasuwanci, amma ba ta da ma'aikatun kanta, domin komai a Kaduna yake. Ya tattaro mutane daga ɓangarorin siyasar da a da ba sa ga-maciji, irin su Maitama Sule da Tanko Yakasai da Inuwa Dutse da Aminu Dantata, ya ba su kwamishinoni. Ya yi wa mulkin En'e garambawul, ya mayar da wasu ayyukanta hannun gwamnatin jiha, ya kuma ƙarfafa ilimin 'ya'ya mata. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne ruwa.

Zaɓen hanya

Damina a ƙasar Kano wata huɗu ce zuwa biyar. Idan ta wuce, manomi ya girbe gero da dawa, sai zaman jiran wata, ko a ɗauki sanda a tafi cin rani. Noman rani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin tun kaka da kakanni ana yin lambu a fadamu, ana ɗebo ruwa da jigo, ana noma albasa da alkama. To amma jigo guga ɗaya yake ɗagowa a lokaci guda, iyakar lambun mutum ita ce iyakar ƙarfin damtsensa. Kogin Kano kuwa yakan cika ya batse da damina, ruwan ya wuce gabas, da rani ya koma rairayi.

Audu Bako ba injiniya ba ne. Tun kafin zuwansa masana daga Amurka sun yi nazarin kogunan yankin, daga baya kuma kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ya zana tsarin noman. Nasa aikin shi ne yanke shawara, da neman kuɗi, da tsayawa a kan ma'aikata har a gama. Tambayar farko da ke gaban duk mai kafa sana'a ita ce ta wace hanya za a yi aikin. Ana iya girke manyan injuna a bakin kogi su riƙa tura ruwa tudu. Ana kuma iya tare kogin a can sama, inda ƙasa ta fi tsayi, a bar ruwan ya gangaro da kansa. Hanya ta biyu tana cin maƙudan kuɗi da farko, amma da zarar an gama, ba ta neman man fetur ko lantarki, ba ta jiran kayan gyara daga Turai. Ita aka zaɓa.

Ba a kuma faɗa wa babban aikin kai tsaye ba. A 1969 aka fara gina ƙaramar madatsar Bagauda, wadda ta shayar da gonakin gwaji na Kadawa. A nan aka ga irin amfanin da ƙasar za ta karɓa, aka kuma ga yadda manoma za su saba da sabon tsarin. Sai a 1971 aka fara Tiga, aka kammala a 1974. Bangonta na ƙasa ya kai kusan kilomita 6, tafkin da ta tara ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 178, yana kuma iya ɗaukar ruwa kusan mita kubik biliyan 2. Ana tsakiyar aikin ne babban farin nan na farkon shekarun 1970 ya auka wa yankin, dabbobi suka mutu, hatsi ya yi wuya. Masu ganin gwamnan yana zuba dukiya a daji sai suka fara sassauta harshe.

Darajar wannan zaɓi ta ƙara fitowa bayan shekaru. A Borno, babban aikin noman rani na Kudancin Tafkin Chadi ya dogara ne da injunan da ke janyo ruwa daga tafkin, da tafkin ya ja baya sai aikin ya durƙushe. A Bakolori, sashen da aka tsara a kan injunan feshi ya lalace saboda rashin wuta da kayan gyara. A Kura da Bunkure kuwa, duk da shekarun sakaci, ruwa bai daina gangara ba, domin gangara ba ta neman kasafin kuɗi.

Shimfiɗar fili

Wanda ya dubi taswirar aikin zai ga kamar bishiya ce aka kwantar. Babbar magudana ta taso daga Tiga, ta bi ta tafkin Ruwan Kanya, can gaba ta rabu biyu: reshen gabas ya nufi ƙasar Bunkure, reshen yamma ya bi ta Garun Malam da Kura. Daga kowane reshe ƙananan magudanai suna fita, daga su kuma wasu da suka fi su ƙanƙanta, har a kai ga 'yar hanyar ruwan da ke bin gefen gona. A nan manomi yake tsoma lanƙwasasshen bututu, ruwa ya tsallako gaɓa ya shiga kunyoyinsa ba tare da inji ba. A ƙasan gonakin an haƙa lambatu masu kwashe rarar ruwa, a gefen magudanai kuma an bar hanyar mota domin shigo da taki da fitar da amfani. An tsara kashin farko na aikin ya kai hekta 22,000, ko da yake abin da aka shimfiɗa a shekarun da suka biyo baya bai kai haka ba.

Akwai wata dabara a cikin wannan shimfiɗa da ta cancanci a tsaya a kanta. Babbar magudana dare da rana take gudu, domin ba a tsayar da ruwan da ya taso daga nesa kamar yadda ake rufe famfo. Manomi kuwa ɗan Adam ne, da rana yake ban-ruwa, da dare ya kwanta. Da an bar abin haka, da ruwan dare ya tafi a banza, ko kuma a tilasta wa mutane shiga gona da fitila. Sai aka haƙa ƙananan tafkuna a cikin filin, ruwan dare ya taru a cikinsu, da safe a buɗe a raba. Wato an daidaita tafiyar ruwa da tafiyar rayuwar mai aiki. Ɗan kasuwar da ya san inda zai ajiye kayan da aka fi tambaya, da ma'aikacin da ya san tebur nawa fayil zai bi kafin a sa masa hannu, duk sun san wannan ilimi ko da ba su ba shi suna ba: inda aka ajiye abu shi yake yanke yawan wahalar da za a sha a kansa kullum.

Rabon aiki

Tambaya ta uku ita ce wa zai yi me. Gwamnati tana iya ƙwace ƙasar ta mayar da ita gandu ɗaya, mutanen wurin su koma 'yan ƙwadago. A mafi yawan filin ba a bi wannan hanya ba. An karɓi gonaki, aka baje su, aka yanka magudanai da hanyoyi, sannan aka mayar wa masu su bayan an cire ɗan kason da ayyukan suka ci. Hukuma ta riƙe madatsa da manyan magudanai da ƙofofin ruwa, manomi ya riƙe gonarsa da abin da ya noma, yana biyan kuɗin ruwa.

Wannan 'yanci ya haifar da abin da masu zanen ba su yi tsammani ba. Su alkama suka fi sa wa rai da rani, don a rage shigo da ita daga waje. Manoma suka duba kasuwa, suka karkata ga tumatir da albasa da masara, da damina kuma shinkafa ta mamaye filin. Kura, wadda a da aka fi saninta da marina da baƙin rawanin nan ɗan Kura da Buzaye ke so, ta zama garin shinkafa, mata suna turarawa, injuna suna casa. Kwanar Gafan ta zama kasuwar tumatir da manyan motoci ke lodi zuwa Legas da sauran biranen Kudu. Matasan da a da suke tafiya cin rani suka samu aikin dashe da tsinka da dako a gida.

Sai dai a wannan rabo ne aka bar giɓi. Tsakanin babbar magudanar hukuma da gonar manomi akwai ƙananan hanyoyin ruwa da kowa ke amfana da su amma babu wanda ya ɗauke su nasa. A 1976 aikin ya koma hannun Gwamnatin Tarayya ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Da kuɗin mai ya ja baya a shekarun 1980, yashe magudanai ya yi wuya, laka ta taru, kachala ta toshe hanyoyi, ƙofofi suka lalace. Na kusa da bakin ruwa ya sha ya yi ambaliya, na can ƙarshe ya kwana yana jira. Kayan kowa, ba na kowa ba ne. Shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya gyara magudanai, amma babban abin da ya sa a gaba shi ne ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, domin a san wanda zai yashe, da wanda zai karɓi kuɗi, da wanda zai raba ruwa. Wato bayan shekara 40 an dawo kan tambayar da ba a gama amsawa ba tun farko.

Akwai kuma waɗanda suka biya farashin aikin. Dubban mutane ne aka tasa daga garuruwansu da tafkin Tiga ya cinye, da yawansu kuma ba su samu gona a filin noman ranin ba. A can ƙasa, fadamun Haɗeja da Nguru sun rasa wani ɓangare na ambaliyar da masunta da makiyaya da manoman shinkafa suka dogara da ita. Ruwan da ya kwanta a magudanai ya ƙara yaɗa tsargiya da zazzaɓin cizon sauro. Adalci ga tarihi shi ne a ambaci waɗannan tare da koren da ake gani daga titin Zariya.

Ƙarshen mulki

A ranar 29 ga Yulin 1975 aka hamɓarar da gwamnatin Gowon, Murtala Muhammed ya hau, aka sauke dukkan gwamnoni, Sani Bello ya karɓi Kano. Kwamitin binciken kadarori da sabuwar gwamnati ta kafa gwamnoni biyu kawai ya wanke daga cikin 12, wato Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Jihar Yamma, Audu Bako kuma yana cikin sauran. Ya bar aikin gwamnati ya koma noma a tsohuwar Jihar Sakkwato, har Allah Ya yi masa rasuwa a 1980, bai kai shekara 60 ba.

Shekara 8 ya yi yana mulkin Kano. A cikinsu ya bar madatsun ruwa da dama a sassan jihar, da otal-otal na Bagauda da Tiga, da ginshiƙin aikin gwamnati da jihohi biyu suka gada. Wasu daga cikin gine-ginen sun zama kufai, wasu an sauya musu aiki. Ruwan Tiga kuwa yana nan yana shayar da gonaki, yana kuma taimaka wa famfunan birnin Kano. Abin da ya rage wa na baya shi ne ɓangaren da ba a gina shi da siminti: a san mai kowace ƙofa, a san mai yashe kowace magudana, a tabbatar manomin da ke ƙarshen layi ya samu rabonsa. Allah Ya jiƙan Audu Bako, Ya gafarta masa kurakuransa.