Soichiro Honda, ɗan mai gyaran keke

'Yan uwa, a wannan fitowa ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu mun kawo muku tarihin mutumin da da yawanmu muke cin abinci da sunansa. Duk wanda ya taɓa shigo da babur ta Aflao ko Paga, ko ya shiga Suame Magazine neman kayan gyara, ya san Honda.

An haifi Soichiro Honda ranar 17 ga Nuwamba 1906 a wani ƙauye kusa da Hamamatsu, ƙasar Japan. Mahaifinsa maƙeri ne, yana sayen tsofaffin kekuna ya gyara ya sayar. A 1922 yaron ya tafi Tokyo koyon kanikanci a garejin Art Shokai, inda ya fara da renon jaririn maigidansa kafin a ba shi sifana. A 1928 maigidan ya yarje masa ya buɗe reshe a Hamamatsu.

Yakan shiga tseren mota da kansa, har ya ji mummunan rauni a 1936. Daga nan ya koma ƙera ringin fistan. Cikin guda 50 da kamfanin Toyota ya gwada, uku kacal suka tsallake. Maimakon ya yi zuciya, sai ya koma makaranta don ya san halin ƙarfe. Da kasuwa ta fara buɗewa, bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu da girgizar ƙasa ta 1945 suka rushe masana'antunsa, ya sayar wa Toyota abin da ya saura.

Da kayan gwanjo ya sake tashi. A 1946 ya sayi ragowar ƙananan injinan janareta na rediyon soja yana ɗaura wa kekuna, a 1948 kuma ya kafa kamfanin Honda. Gwani ne a ƙira, amma kuɗi da talla ba fanninsa ba ne. A 1949 ya haɗu da Takeo Fujisawa, suka raba aiki: Honda ya riƙe inji, Fujisawa ya riƙe kasuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A 1954, kamfanin na cikin matsin kuɗi, Honda ya sanar cewa zai shiga tseren babura na tsibirin Isle of Man, tsakanin Ingila da Ayilan. Sun fara zuwa a 1959. A 1961 Mike Hailwood, ɗan Ingila, ya cinye rukunin 125 da na 250 a kan Honda, kuma baburan kamfanin ne suka zo na ɗaya zuwa na biyar a duka biyun. Labarin tseren ya zama tallan da ya buɗe masa kasuwar Turai.

Super Cub ya fito a 1958, zuwa 2017 an ƙera miliyan 100. A 1969 aka fito da CB750, mai silinda huɗu da birkin faifai a gaba. Har yau masu tara tsofaffin babura a Turai da Amurka suna nemansa, kuma abin da suke biya shi ne kayan asali, lambar inji da ta firam, da cikakkun takardu. Don haka in tsohon babur irin wannan ya faɗo hannunmu, kada mu yi saurin kwance shi ko rufe aibinsa da fenti. Mu faɗa wa mai saye abin da aka canza. Wanda aka ruɗa a Lome ba zai sake neman mu a Kumasi ba.

Honda da Fujisawa sun sauka tare a 1973, ba su ɗora 'ya'yansu a kujerar ba, sai suka miƙa kamfanin ga ma'aikatan da suka horar. Honda ya mutu ranar 5 ga Agusta 1991 yana da shekara 84.

Mu ma lokaci ya yi da za mu duba yaran da ke shagunanmu, mu koya musu lissafi da hanya tun muna da ƙarfi. Allah Ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, Ya tsare mu a hanya.