Branch Rickey: Lauyan da ya auna 'yan wasa da alƙalami

Duk mai bibiyar ƙwallon ƙafar Turai ya san cewa manyan ƙungiyoyi sun daina sayen ɗan wasa don kawai wani tsohon koci ya gan shi ya yaba. Akwai ofis na musamman inda masana lissafi ke tace alƙaluma kafin a fitar da ko sisi. Da yawa daga cikinmu na danganta wannan al'ada da littafin Moneyball na Michael Lewis wanda ya fito a 2003, alhali kuwa tushenta ya girmi littafin da fiye da shekara hamsin. A wasan besbol na Amurka aka dasa ta, a hannun wani lauya mai suna Branch Rickey, wanda ya rasu tun 1965. Tarihinsa nake son mu duba a wannan shafi, domin a ganina duk wanda aikinsa ya haɗa da ɗaukar ma'aikata ko auna ƙwazonsu zai ga fuskarsa a cikin wannan madubi, ko da bai taɓa riƙe gorar besbol ba.

An haifi Wesley Branch Rickey ranar 20 ga Disamba, 1881, a karkarar jihar Ohayo, cikin gidan manoma mabiya ɗariƙar Methodist masu tsananin riƙo da addini. Wannan tarbiyya ce ta sa ya ƙi buga wasa ran Lahadi, abin da ya jawo masa tsangwama tun yana matashi. A fili kuwa ba wani gwani ba ne. Shi ne mai durƙusawa bayan mai bugu yana cafe ƙwallo, kuma a wani wasa a 1907 abokan hamayya suka sace zango har sau 13 a gabansa, ya kasa jefa ƙwallo ya tare ko ɗaya. Daga nan tarin fuka ya kwantar da shi, da ya warke sai ya karanta shari'a a Jami'ar Michigan, ya buɗe ofishin lauya a jihar Idaho, kasuwa ta ƙi, ya komo wa besbol ta ƙofar ofis.

Kafin in ci gaba, bari in ɗan fayyace wa mai karatu yadda wasan yake, don abin da zai biyo baya ya fito sarai. Mai jifa yana wurga ƙwallo, mai bugu yana ƙoƙarin maka ta da gora ya ruga zuwa zango na farko. Zanguna huɗu ne, wanda ya kewaye su ya dawo gida ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Ba agogo ne ke kawo ƙarshen wasan ba. Abin da kowace ƙungiya ke da shi shi ne rai 27, wato da zarar an fitar da masu bugunta sau 27 wasanta ya ƙare. Haka kuma idan mai jifa ya yi jifa huɗu a karkace, mai bugu bai kai musu gora ba, to sai ya taka zuwa zango na farko kyauta. A riƙe wannan batu na ƙarshe, za mu komo kansa.

A ƙungiyar Cardinals ta birnin St. Louis Rickey ya fara nuna ko shi wane ne. Ƙungiyar matalauciya ce, ba ta iya gogayya da attajiran Niyok wajen sayen taurari. Sai ya ce tun da ba za a iya sayen hatsi a kasuwa ba, a noma shi a gida. Ya shiga saye ko ƙulla yarjejeniya da ƙananan ƙungiyoyi a garuruwa daban-daban, yana ɗibar yara da ɗan kuɗi kaɗan, ana horar da su mataki-mataki, na kirki su hau sama, rarar kuma a sayar wa wasu. A 1925 mai ƙungiyar, Sam Breadon, ya tuɓe shi daga horarwa ya bar masa ofis, kuma wannan tuɓewa ce ta zame masa alheri. Cardinals ta ɗauki kofin World Series a 1926 da 1931 da 1934 da 1942. Amma fa gonar tana da duhunta: ɗaruruwan matasa sun maƙale a ƙasa ba su da ikon komawa wata ƙungiya, har sai da shugaban hukumar wasan, Alƙali Landis, ya 'yanta fiye da 70 daga cikinsu a 1938. Shi kuma Rickey yana da kaso a cikin kuɗin 'yan wasan da aka sayar.

Ƙa'idarsa a ciniki ita ce gara a rabu da ɗan wasa shekara guda kafin ya fara sanyi, da a riƙe shi shekara guda bayan ya huce. Misalin da ya fi shahara shi ne na Dizzy Dean, mai jifan da ya ci wasa 30 a kakar 1934. A 1937 ƙwallo ta karya masa ɗan yatsan ƙafa, ya yi gaggawar dawowa, ya sauya salon jifa, hannun ya lalace. A Afrilun 1938 Rickey ya miƙa shi ga Cubs ta Chicago a kan dala 185,000 da 'yan wasa uku. Wasa 16 kacal Dean ya ƙara ci musu. Magoya baya sun yi tir a lokacin, littafin ajiya kuwa ya yi murmushi.

A ƙarshen 1942 ya koma Dodgers ta Brooklyn, inda ya yi abubuwa biyun da suka sa nake wannan rubutu. Na farko duniya ta san shi. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ba a barin baƙar fata ya buga a manyan ƙungiyoyi, ba don wata doka a rubuce ba, sai don haɗin bakin masu ƙungiyoyin. Rickey ya baza masu sa ido a gasar baƙaƙe, ya gana da Jackie Robinson a Agustan 1945, ya tura shi reshen ƙungiyar da ke Montreal ta Kanada inda ya zo na ɗaya a bugu a 1946, sannan ranar 15 ga Afrilu, 1947, Robinson ya fito fili da rigar Dodgers. Rickey ya sha ba da labarin wani ɗalibinsa baƙar fata, Charles Thomas, da aka hana ɗaki a otal a jihar Indiana lokacin yana horar da ƙungiyar jami'arsa, ya ce abin bai taɓa barin zuciyarsa ba. Ban ƙaryata shi ba. Sai dai mutumin da ya shekara ashirin yana neman haja mai kyau da araha ba zai kasa ganin cewa ga kasuwa guda cike da gwanaye wadda wariya ta hana kowa shiga ba. Imani da lissafi suka haɗu a wuri ɗaya. Abin takaicin shi ne bai biya Kansas City Monarchs, ƙungiyar da ya ɗauko Robinson daga cikinta, ko kwabo ba, alhali Bill Veeck na Cleveland ya biya kuɗi da ya ɗauki Larry Doby a shekarar 1947 ɗin.

Abu na biyu ba a cika ambatonsa ba. A wannan kaka ta 1947 Rickey ya ɗauki wani ɗan Montreal mai suna Allan Roth aiki, ya zama mutum na farko da wata babbar ƙungiya ta ɗauka don ƙididdiga kawai. Roth yakan zauna ya rubuta kowace jifa da hannu: yadda mai bugu ke yi a gaban mai jifa bahago da na dama, a gida da waje, da lokacin da abokansa ke kan zango. A wancan zamani ma'aunin da kowa ya yarda da shi shi ne sau nawa mutum ya maka ƙwallo ya tsira cikin zuwansa bugu. Wannan ma'auni bai san da takawar kyauta ba sam, kamar ba a yi ta ba. Roth da Rickey suka ce tun da rai 27 ne jarin ƙungiya, tambayar da ta dace ita ce sau nawa mutum ya isa zango ba tare da ya ƙona rai ba, ko ta wace hanya. Suna da shaida a gidansu: Eddie Stanky, wanda bugunsa bai wuce na tsaka-tsaki ba, ya samu takawar kyauta sau 148 a 1945, ya kuma fi kowa a gasarsu dawowa gida da maki.

A Agustan 1954 Rickey ya baje wannan tunani a mujallar Life. Ya nuna cewa tazarar da ke tsakanin makin da ƙungiya ta ci da wanda aka ci ta ita ke hasashen matsayinta a ƙarshen kaka, ya fifita isa zango da ƙarfin bugu, ya kuma yi watsi da alƙaluman da ake auna masu tsaron fili da su, ya ce ba su da amfani. Masu ƙungiyoyi suka karanta suka ajiye. Sai da Bill James ya fara fitar da littattafansa a 1977, sannan Billy Beane ya gwada abin a Oakland, kafin a farga. John Henry ya ɗauki James aiki a Red Sox ta Boston, suka ci kofi a 2004 bayan shekara 86 suna jira, kuma kamfanin Henry ɗin ne ya sayi Liverpool a 2010.

To amma lissafi yana da iyaka, kuma rayuwar Rickey ta nuna ta. A kaka mai wasa 154 ƙwarewa kan yi halinta; a karon ƙarshe mai wasa bakwai kuwa sa'a na da babban rabo. Dodgers ɗinsa ta kai World Series a 1947 da 1949, Yankees ta doke ta duka biyun. Cinikinsa ma ba kullum yake faɗawa daidai ba. Ya yi dace da ya sallama Dixie Walker, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙi jinin wasa da Robinson, ya karɓo Preacher Roe da Billy Cox. Amma Stanky da ya miƙa wa Braves ta Boston a 1948, da shi suka zo na ɗaya a gasar a shekarar.

A 1950 abokin hannun jarinsa Walter O'Malley ya ture shi, ya sayi kasonsa a kan sama da dala miliyan ɗaya. Ya koma Pirates ta Pittsburgh, inda a 1952 aka ci su wasa 112, jaridu suka mai da shi abin ba'a. A nan ne ya zabge albashin Ralph Kiner, wanda ba wanda ya fi shi fitar da ƙwallo waje a gasar, bisa hujjar cewa ko babu shi ƙungiyar za ta iya zama ta ƙarshe. Wannan ita ce fuskar lissafi da ba na so: alƙaluman suna aljihun mai biyan albashi, shi ke zaɓen wanda zai karanto a teburin ciniki. Kiner ya kasance cikin waɗanda suka tsaya wa 'yan wasa wajen neman haƙƙinsu. Duk da haka, a ƙarshen 1954 Rickey ya ɗauke wani matashi, Roberto Clemente, daga hannun Dodgers a kan dala 4,000, kuma da shi Pirates ta ci kofi a 1960, shekara biyar bayan Rickey ya sauka daga kujerar.

Tsufa bai zaunar da shi ba. A 1959 ya jagoranci yunƙurin kafa babbar gasa ta uku, wadda ba ta buga ko wasa ɗaya ba, amma ta tilasta wa tsoffin gasannin biyu ƙara ƙungiyoyi, ciki har da Mets ta Niyok. Ya komo Cardinals a matsayin mai ba da shawara, ya ba da shawarar Stan Musial ya yi ritaya, birnin ya yi masa ca. Ranar 13 ga Nuwamba, 1965, yana cikin jawabi a wani taron karrama shi a garin Columbia na jihar Misuri, ya yanke jiki ya faɗi. Bai farfaɗo ba har ya cika ranar 9 ga Disamba, saura kwana goma sha ɗaya ya cika shekara 84. A 1967 aka sanya sunansa a zauren gwarazan besbol da ke Cooperstown.