J.R.R. Tolkien: Malamin da ya ƙagi duniya, ya rasu bai kammala tarihinta ba

Fiye da shekaru hamsin ke nan da rasuwar marubucin nan ɗan Birtaniya, J.R.R. Tolkien, amma har yau masu karanta littattafansa da masu buga wasannin da aka gina a kansu ba su daina gardama kan abin da ya bari ba.

Wasu na musu a kan ko dodon wutar nan da ake kira Balrog yana da fuka-fuki. Wasu kuma na tambayar ko wane ne Tom Bombadil, dattijon da zoben tsafin da ke juya zukatan kowa ya kasa yin tasiri a kansa. Akasarin irin waɗannan tambayoyi ba su da amsa guda, domin shi kansa mai labarin ya yi kusan shekaru sittin yana rubutawa yana sokewa, har ajali ya riske shi.

Maraya a Birmingham

An haifi John Ronald Reuel Tolkien ne a ranar 3 ga watan Janairun shekarar 1892 a garin Bloemfontein, wanda a yau ke cikin ƙasar Afirka ta Kudu, inda mahaifinsa Arthur yake manajan wani banki.

Yana ɗan shekara uku mahaifiyarsa Mabel ta tafi da shi da ƙanensa Hilary ganin gida Ingila. Ba su sake komawa ba, saboda a farkon shekarar 1896 labari ya iske su cewa mahaifin ya rasu.

Mabel ta zauna da yaran a ƙauyen Sarehole da ke gefen birnin Birmingham, inda ta koyar da su da kanta, ta kuma lura cewa babban ya fi son darasin Latin da komai. A shekarar 1900 ta shiga ɗariƙar Katolika, lamarin da ya sa danginta suka janye taimakon da suke yi mata. Shekaru huɗu bayan haka ciwon sukari ya yi ajalinta tana da shekaru 34, a zamanin da ba a gano allurar insulin ba. Tolkien na da shekaru 12 a lokacin, kuma har ƙarshen rayuwarsa yana ɗaukar mahaifiyar tasa a matsayin wadda ta sha wuya ta mutu saboda addininta.

Riƙon yaran ya koma hannun wani limamin coci, Fada Francis Morgan. Shi ne kuma ya raba Tolkien da Edith Bratt, wata marainiya da ta girme shi da shekaru uku, ya hana shi ko da rubuta mata wasiƙa har sai ya cika shekara 21, don kada soyayya ta ɓata masa karatu. Tolkien ya yi biyayya. Da wa'adin ya cika ya rubuta mata, ya tarar an yi mata baiko da wani, amma ta mayar da zoben. An ɗaura musu aure a watan Maris na shekarar 1916.

Harshe kafin labari

Abin da ya bambanta Tolkien da sauran marubuta labaran almara shi ne daga inda ya faro. Da harshe ya fara, labari ya biyo baya.

Tun yana yaro sunayen harshen Wales da yake gani a jikin taragon jiragen ƙasa masu dakon kwal suka ja hankalinsa. Da ya shiga Jami'ar Oxford a shekarar 1911 sai ya ci karo da littafin nahawun harshen mutanen Finlan, ya kamu da sonsa. Daga waɗannan biyu ya samo amon harsunan da ya ƙaga, wato Quenya da Sindarin, kowanne da nahawunsa da tarihin yadda kalmominsa suka sauya.

To sai dai a ganinsa harshe ba ya rayuwa sai da masu magana da shi, su kuma sai da ƙasa da kakanni da yaƙe-yaƙen da za su riƙa tunawa. Ta haka aka samu jinsin Elf, halittu masu kama da mutane waɗanda ba sa mutuwar tsufa, da kuma duniyar da ya kira Middle-earth.

Ramukan Somme

Watanni kaɗan bayan aurensa aka tura shi Faransa a matsayin hafsan sadarwa a rundunar Lancashire Fusiliers, ya kuma halarci gumurzun Kogin Somme, ɗaya daga cikin mafi muni a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Biyu daga cikin aminansa uku na makaranta, Rob Gilson da Geoffrey Smith, sun mutu a wannan shekara ta 1916.

Shi kuwa zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa a ramukan yaƙi ne ya kwantar da shi, aka mayar da shi Ingila a watan Nuwamba. A lokacin jinyar ya fara rubuta labarin faɗuwar birnin Gondolin, wanda rundunar mugunta ta mamaye ta ƙone. A shekarar 1917 kuma Edith ta yi masa rawa a wani ɗan kurmi a yankin Yorkshire, abin da ya zama tushen labarin Beren da Lúthien, ɗan Adam da 'yar Elf wadda ta zaɓi mutuwa saboda ƙaunarsa.

Bayan yaƙi ya yi aiki da masu haɗa babban ƙamusun Turanci na Oxford, ya koyar a Jami'ar Leeds, sa'annan a shekarar 1925 ya zama farfesan tsohon Turanci a Oxford, jami'ar da ya zauna har ya yi ritaya a 1959.

Littattafai biyu

Littafin The Hobbit ya samo asali ne daga labarin da yake ba 'ya'yansa. Shugaban kamfanin ɗab'i na Allen and Unwin ya miƙa rubutun ga ɗansa Rayner mai shekaru goma, ya biya shi sule guda ya karanta ya ba da rahoto. Yaron ya yaba, aka buga littafin a watan Satumban 1937.

Da kamfanin ya nemi ci gaban labarin, Tolkien ya miƙa musu tsofaffin tatsuniyoyinsa na Elf, suka ce ba wannan suke so ba. Sai ya fara sabon littafi, wanda ya ci masa shekaru goma sha biyu. Shi ne The Lord of the Rings, labarin wani zobe da dole a hallaka shi domin duk wanda ya riƙe shi sai ya lalace, wanda aka buga a kashi uku a shekarun 1954 da 1955. Kashi na uku ya yi jinkirin fitowa saboda ratayen da ke ƙarshensa: jerin sarakuna, salsalar gidaje, kalanda da ƙa'idojin rubutu, shafi sama da ɗari. Wannan rataye, wanda mai karatu na yau da kullum kan tsallake, shi ne daga baya ya zama ma'adinin masu shirya wasanni.

Shuhura ta zo masa a makare, kuma ba ta yi masa daɗi ba. Bayan da aka buga littafin cikin bango mai araha a Amurka a shekarar 1965, ɗaliban jami'o'i suka yi masa rubdugu, har wasu kan bugo masa waya cikin dare ba tare da la'akari da bambancin lokaci ba. A 1968 ya bar Oxford ya koma bakin teku kusa da Bournemouth.

Edith ta rasu a watan Nuwamban 1971, shi kuma ya bi ta ranar 2 ga watan Satumban 1973 yana da shekaru 81. Kabari ɗaya aka yi musu a maƙabartar Wolvercote, an rubuta Lúthien a ƙarƙashin sunanta, Beren a ƙarƙashin nasa.

Daga littafi zuwa teburin wasa

Watanni kaɗan bayan rasuwarsa, a shekarar 1974, wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wasan Dungeons & Dragons. A wannan wasa mutane kan zauna kewaye da tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, mutum ɗaya na jan labarin, ana jefa 'ya'yan lido masu fuskoki da yawa don sanin wanda ya yi nasara.

Gygax ya sha musanta cewa Tolkien ne babban madubinsa, amma bugun farko na wasan cike yake da halittun Tolkien da sunayensu. Sai da kamfanin da ya mallaki haƙƙin ya yi barazanar zuwa kotu, zuwa shekarar 1977 aka sauya sunan hobbit ya koma halfling, ent kuma ya koma treant. A 1984 aka fito da wasan Middle-earth Role Playing da izini, kana a 2007 aka buɗe The Lord of the Rings Online a intanet.

A gefe guda kuma ɗansa Christopher ya duƙufa kan tarin takardun da mahaifin ya bari. Ya fitar da The Silmarillion a 1977, sa'annan ya biyo da littattafai goma sha biyu tsakanin 1983 da 1996, waɗanda suka nuna yadda kowane labari ya riƙa sauya kama. A nan masoya suka gano cewa sarauniya Galadriel tana da tarihi fiye da ɗaya masu karo da juna, kuma a watansa na ƙarshe a duniya Tolkien yana kan sake mata wani. Mai shirya wasa dole ya zaɓi ɗaya, kuma duk wanda ya zaɓa sai wani ya kawo masa takardar da ta ce akasin haka.

Matsalar Orc

Mafi nauyin waɗannan gardandami shi ne na Orc, mayaƙan mugun sarki. A rubuce-rubucensa na farko Tolkien ya ce mugun ne ya ƙera su daga dutse da taɓo. Daga baya ya janye, saboda a aƙidarsa mugunta ba ta iya halitta, sai dai ta ɓata abin da aka halitta. Sai ya ce Elf ne da aka kama aka azabtar har suka rikiɗe, bayanin da aka buga a The Silmarillion.

Wannan ma bai kwantar masa da hankali ba. In har Orc na da rai da hankali, to yaya za a ce dukkan jinsin ba shi da ƙofar tuba, kuma halal ne a kashe shi ba tambaya? A bayanan da ya rubuta a ƙarshen shekarun 1950 ya gwada cewa dabbobi ne da aka koya wa magana, ya kuma gwada cewa daga 'yan Adam suka fito. Bai tsaya a kan ko ɗaya ba.

Masu sukarsa na nuni da wata wasiƙa ta 1958 inda ya kamanta siffar Orc da ta mutanen Mongol, da kuma yadda abokan gaba a labarin suka fi fitowa daga gabas da kudu. Masu kare shi kuma na tuna cewa a 1938 ya fusata da wani kamfanin ɗab'i na Jamus da ya tambaye shi asalin jininsa, cewa a jawabinsa na ban kwana a Oxford ya bayyana ƙyamarsa ga wariyar launin fata ta ƙasar haihuwarsa, kuma a wasiƙun da ya aika wa Christopher lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya nuna cewa akwai masu halin Orc a kowane ɓangare. Dukkan ɓangarorin biyu daga takardun mutum ɗaya suke ɗauko hujja.

Masu wasanni sun daɗe ba su damu da wannan tufka da warwara ba, suka mayar da Orc abin saran takobi kawai. Sannu a hankali al'amarin ya sauya. Wasan kwamfuta na Warcraft III da ya fito a 2002 ya ba su shugaba mai mutunci da al'ada ta kansu. A shekarar 2020 kamfanin Wizards of the Coast, mai Dungeons & Dragons, ya sanar da cewa zai daina nuna Orc a matsayin jinsin da mugunta ke cikin jininsa, kuma a littafin dokokin wasan na 2024 Orc ya shiga sahun waɗanda ɗan wasa zai iya zaɓa ya zama.

A wannan shekara ta 2024 ne kuma shirin talabijin na The Rings of Power ya nuna wata Orc rungume da jaririnta na 'yan daƙiƙoƙi. Wasu masoya suka ce an ci amanar Tolkien, wasu kuma suka ɗauko The Silmarillion suka nuna inda shi da kansa ya rubuta cewa Orc suna hayayyafa kamar yadda Elf da 'yan Adam ke yi.