Pushkin, mawaƙin Rasha da ya riƙe labarin kakansa ɗan Afirka

A ƙasar Rasha babu ɗan makarantar da bai san sunan Aleksandar Pushkin ba, domin shi ake ɗauka uban adabin harshen Rashanci na zamani. Amma jinin Afirka na gudana a jikinsa, kuma bai taɓa ɓoye shi ba, duk da cewa bai taɓa taka nahiyar ba. Abin da ya sani game da asalinsa daga bakin mutanen gida ya same shi.

An haife shi a birnin Mosko a watan Yuni na 1799. Iyayensa, kamar sauran masu sarauta na lokacin, Faransanci suke yi a cikin gida. Kakarsa ta wajen uwa, Mariya, ita ce ta koya masa karatu da rubutun Rashanci, ita ce kuma take ba shi labarin surukinta Abram Gannibal, kakan mahaifiyarsa, wanda ya rasu a 1781.

An sace Abram yana yaro daga Afirka, aka kai shi Santambul, inda ake kiran sa Ibrahim. A 1704 aka wuce da shi Rasha, aka miƙa shi ga sarki Bitrus Mai Girma, wanda ya rene shi, ya tura shi Faransa koyon lissafi da aikin gina ganuwar yaƙi. Ya kai muƙamin babban janar. A wata takarda da ya aika wa sarauniya Elizabet a 1742, ya ce mahaifinsa sarki ne a wani gari mai suna Logon.

Bayan rasuwarsa labarin ya ƙaru, kamar yadda ake yi a gidaje da yawa. Mijin ɗaya daga cikin ƴaƴansa mata ya rubuta tarihinsa da Jamusanci, ya mai da shi ɗan sarkin Habasha, har ya haɗa jininsa da Hannibal, jarumin birnin Kartaj na zamanin da. Wannan ne labarin da Pushkin ya gada.

A 1824 hukuma ta kore shi zuwa ƙauyen Mikailofskoye, ƙasar da aka bai wa Gannibal kyauta. Shekara biyu ya yi a can. Tsohuwar da ta yi renonsa, Arina, wadda ta taso baiwa a gandun gidan Gannibal, takan yi masa tatsuniya da dare, shi kuma yana rubutawa. Daga baya ya mai da wasunsu waƙoƙi da yaran Rasha ke haddacewa har yau. A 1825 ya je wurin wan kakansa, Piyotar, ɗan Gannibal na ƙarshe da ya rage a raye, ya samo takardun gidan. A 1827 ya fara rubuta littafi a kan kakan nasa, ya sa wa jarumin suna Ibrahim, amma bai ƙarasa ba.

Asalin nan ya jawo masa gori. A 1830 wani ɗan jarida mai suna Bulgarin ya rubuta cewa wani matuƙin jirgin ruwa ne ya sayi kakan mawaƙin da kwalbar barasa guda. Pushkin bai musanta bautar ba. Ya mayar da martani da waƙa a kan zuriyarsa, inda ya nuna cewa wanda ya karɓi yaron sarkin Rasha ne da kansa, kuma yaron ya girma ya zama amininsa. Sarki Nikola na Ɗaya bai yarda a buga waƙar ba, sai ta riƙa yawo hannu da hannu.

Pushkin ya rasu a watan Fabrairu na 1837 yana da shekara 37, kwana biyu bayan wani hafsan soja Bafaranshe, Dantes, ya harbe shi a fito-na-fito da suka yi kan mutuncin matarsa Nataliya.

Sai a 1996 wani masanin tarihi ɗan ƙasar Benin, Dieudonné Gnammankou, ya koma ga sunan garin da Abram ya ambata da kansa. Ya kawo hujjar cewa Logon shi ne Logon-Birni, garin Kotoko a bakin kogin Logon, a arewacin Kamaru kan iyaka da Cadi, kudu da tafkin Cadi. A 2010 aka kafa allon tunawa a garin La Fer na Faransa, inda Abram ya yi karatu, ɗauke da sunan wannan gari. Habasha da Eritiriya ba su saki nasu iƙirarin ba, kowace na da mutum-mutumin Pushkin a babban birninta.

Zuriyar ta ƙawata labarin da sarautar Habasha, amma ba ta bar shi ya mutu ba. Da shi yaron da aka haifa shekara 18 bayan rasuwar Abram ya san ko shi wane ne, da shi kuma ya kare kansa ranar da aka yi masa gori.