Robert Boyle, masanin da ya karanta sinadarai a launin fure

An haifi Robert Boyle a Lismore ta ƙasar Ayalan ranar 25 ga Janairun 1627, ɗa na 14 ga wani hamshaƙin basarake. Duniya ta fi saninsa da dokar matsin iska ta 1662, amma littafinsa na 1664 kan launuka ya cancanci fiye da ambaton da ake masa.

A ciki ya nuna cewa ruwan furen bayolet yakan koma ja idan ya haɗu da abu mai tsami, ya koma kore idan ya gamu da dangin kanwa. Duk macen da ta taɓa ganin zoɓo ya sauya kala bayan an jefa masa kanwa, a Yako ko Bebeji, ta ga abin da ya gani. Dabararsa ita ce ɗiga ruwan a farar takarda, launin ya fito sarai da ɗigo kaɗan.

Sai dai rini yakan wanke daga takarda. A 1984 David Avnir da abokan aikinsa a Kudus suka kulle rini cikin gilashin silika mai ƙananan ƙofofi, wanda ake daskarar da shi ba tare da wuta ba. Ruwa na shiga ya taɓa rinin, rinin kuwa ba ya fita cikin sauƙi, ko da yake matakin tsamin da yake sauya launi a kai yakan gusa.

Boyle bai yi aure ba. Ya rasu a Landan ranar 31 ga Disambar 1691, kimanin mako guda bayan yayarsa Katherine, wadda ya zauna a gidanta fiye da shekara 20.